A Gyara Sutura da Dandamali a Wasanninmu na Kwaikwayo

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana kan suturar 'yan wasan kwaikwayo da shirin dandamali a Jihar Kebbi. Kwanan baya na kalli wasan wasu ɗalibai kan Muhammadu Kanta, wanda ya yi mulki a ƙarni na 16, sai ga Kanta ya fito cikin shadda mai ƙyalli da agogo a hannu, ya zauna kan kujerar roba. Abin ya sosa mini rai, domin yaran sun iya wasa matuƙa. Da malamansu sun leƙa gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, da sun ga masu da takubba da tambura. Rigar saƙi da zanar yin danga kuwa ba su gagari kowace makaranta ba.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Kebbi