Zabirar Baba

Bamingham, Ingila
Juma'a, 10 ga Zulhijja 1446, daidai da 6 ga Yuni 2025

Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanku da Sallah, Allah Ya maimaita mana, Ya karɓi ibada. Ina gaida ki gaisuwa mai yawa, da Yaya da maigidanta da yara, da duk mutanen layinmu na Zango. Auta, na san kai za ka karanta mata, to ka matso kusa ka bi a hankali, ban da irin karatun nan naka na wanda aka biyo. Yaya, ki sa ido, in ya tsallake inda aka taɓo shi ki karɓe wayar.

Da safe mun yi waya, amma me aka faɗa? Yara na ihu, rago na kuka, intanet na yankewa, kowa na cewa "kana ji na?" Ga shi akwai maganar da ba zan iya yi ina kallon fuskarki ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Mun yi Idi a filin Small Heath, dubban mutane, 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman da Bangaladash, mu Hausawa kuwa a ƙirga mu da yatsu. Babu rago ɗaure a ƙofar gidan kowa, don doka ba ta yarda a yi yanka a gida ba. Mahauci za ka biya, bayan kwana ɗaya ko biyu a miƙo maka nama a leda kamar ka je cefane. Azumin Arfa na jiya ya haura awa 18, rana ba ta faɗuwa a nan yanzu sai tara na dare ta wuce. Duk wannan ban damu da shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekaranjiya da na shiga shagon wani Baturke ya rage mini suma. Fam 15 ya karɓa, in an juya sama da naira dubu 30 ke nan, bai tambayi sunana ba, ban tambayi nasa ba. Na fito na tsaya a bakin titi, sai a lokacin ya sauko mini sosai cewa wannan ce Babbar Sallah ta farko da babu Baba. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.

Kin tuna yadda goman farko na wannan wata suke a shago? Manya masu niyyar layya ba sa aski ba sa yanke farce sai sun yanka, sai ciniki ya kwanta. Baba bai taɓa ƙorafi ba. A kwanakin ne yake zazzage zabira a kan tabarma, ya jera asake, ya ɗiga ruwa a dutse ya yi ta wasa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya goga a fata, gaba da baya, har fatar nan ta yi baƙi tana sheƙi. In ya gama sai ya gwada a gashin hannunsa na hagu. Shi ya sa wannan hannun nasa kullum akwai wani fili fes babu gashi ko ɗaya. Ina ƙarami na ɗauka haka aka halicce shi.

Sai jajibiri ya zo, a nan ake yin ta. Yara tun daga La'asar, benci biyu cike, wasu a ƙasa, wasu a kan kwalbati. Wata shekara, ina ɗan aji huɗu, NEPA suka ɗauke wuta yana tsakiyar kan wani yaro da kilifa, rabi an kwashe rabi na tsaye. Lokacin ba mu da janareta. Yaron ya ɓarke da kuka wai haka zai je Idi. Baba ya ce in riƙe fitilar ƙwai, ya zaunar da shi a ƙasa, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa, ya jiƙa da ruwan sabulu, ya ja fatar da babban yatsa, aska na tafiya ƙyat, ƙyat, yana goge ta a bayan hannu, yana yi wa yaron tatsuniyar Gizo. Kafin Gizo ya fito daga ramin kura an gama, yaron ya yi barci a cinyarsa. A daren nan ya aske kai ya fi talatin da hasken fitila, ni kuwa hannuna ya sage. Da muka shigo gida wajen ƙarfe biyu mun tarar ba ki kwanta ba. Ya ajiye burodin Agege a gabanki kamar kullum, don ko wane dare ne ba ya shigowa hannu rabbana, sannan ya juye kuɗin a faranti ya ce ki ware na ɗinkin Yaya tukuna.

Shi da ya sauka Legas, a tashar jirgin ƙasa ta Agege, a 1974, bayan farin da ya cinye gonaki da dabbobi a Arewa, ba shi da komai sai zabirar da ya gada wurin Kaka da tabarma guda. Ya ce a nan ya ga fataken goro da 'yan shanu suna sauka, shi ma ya bi su. A gindin bishiya ya fara, kusa da layin dogo. Yarbawa suka sa masa Baba Onigbajamo, wato Baba mai aski, tun bai yi furfura ba, sunan ya bi shi har kabari. Shekara hamsin a unguwa ɗaya. Akwai gidajen da ya yi wa kaka gyaran fuska, ya yi wa uba kaciya, ya yi wa jika askin suna.

Na sha tunanin 1993, da aka soke zaɓen 12 ga Yuni. Motocin Arewa cike, mutane na sayar da kaya a wulaƙance suna gudu. Kawu ya zo har gida yana faɗa a kan a kwashe mu. Baba ya ce kan da ya aske ranar suna ba zai ɗauko masa adda ba. Yanzu da na girma ina ganin maganar ta fi kyau a baki. Allah ne Ya tsare, sai kuma mai gidan hayarmu da ya kafa kujera a ƙofa ya ce duk mai son taɓa Hausawansa ya fara da shi. Waɗanda rikicin ƙabilanci ya rutsa da su a Ketu a 1999 da Idi-Araba a 2002 su ma suna da maƙwabtan kirki, bai hana ba. Amma ban manta ba, a makonnin nan a zaure yake kwana, tabarmarsa a gicciye a bakin ƙofar ɗakinmu.

Taurin kansa ba a nan kaɗai ya tsaya ba. Lokacin da ma'aikatan lafiya suka fara wayar da kai kan cutar ƙanjamau, shi ne na farko a layin da ya koma sabuwar reza ga kowane kai, ya ɓare ta a gaban mutum, asake kuma sai an tafasa. Cire beli ya daina gaba ɗaya bayan wani jariri, ba a hannunsa ba, ya zubar da jini har aka kwana a asibiti. 'Yan'uwansa wanzamai suka ce ya zubar da gado, aka yi shekara wasu ba sa amsa sallamarsa. Haka da kika kwanta bayan haihuwar Auta, ya rufe shago sati biyu, ya ɗaura zane yana tuƙa tuwo, 'yan majalisa na ce masa mijin-ta-ce. Tuwon duk gudaji, miyar ba gishiri, mu dai mun ci.

To Inna, ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ina aji uku na sakandare aka yi wani suna a Dopemu. Ya ce in ɗauko zabira in bi shi. A makaranta an dame ni da "ɗan wanzami", a gidan sunan kuma akwai 'yan ajinmu. Na ce ba zan ɗauka ba, ni ba wanzami zan zama ba. Kina tsakar gida kina tankaɗe, na ga hannunki ya tsaya. Na jira mari. Bai ce uffan ba, ya sunkuya ya rataya abarsa ya fita. Daga ranar bai ƙara cewa in riƙe masa ko fitila ba, kuɗin makaranta kuwa bai taɓa makara ba har na gama. Da ya mare ni da tuni na manta.

Da na taho nan a 2022, lokacin da Ingila ta buɗe biza ga masu kula da tsofaffi, ce muku na yi aikin asibiti na samu. Ba ƙarya ce zalla ba, ba kuma gaskiya ba ce. Gidan tsofaffi ne. Ina yi musu wanka, in canza musu kaya, in ba su abinci a baki. Ina kuma yi musu aski.

Akwai wani tsoho, direban bas ne a da, ya haura tamanin, ƙwaƙwalwarsa ta tafi, ko 'yarsa ba ya ganewa. Da ya ji ƙarar injin gyaran fuska sai ya firgita ya kai duka, har ya taɓa fasa wa wata ma'aikaciya leɓe. Aka bar shi gemu ya yi buzu-buzu, abinci na maƙalewa a ciki. Wata safiya ina duti na nemi izini a bar ni in gwada da reza. Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi na ɗora masa, na bar shi ya daɗe. Na sa ya taɓa kumfar da yatsansa. Ban tsaya a bayansa ba, gefensa na durƙusa inda zai gan ni. Na ja fatar kumatunsa da babban yatsa, kin san fatar tsoho kamar takardar da ta jiƙe take, sai na ji bakina na yi masa tatsuniyar Gizo da Hausa. Bai san me nake cewa ba, amma ya rufe ido. Da na kai wuya ya ɗaga haɓa da kansa. Da na gama na duba hannuna, ashe a bayan hannun hagu nake ta goge kumfar. Babu wanda ya koya mini, shekarun riƙon fitila ne kawai. Yanzu mazan gidan guda tara duk ni ke yi musu.

Baba ya sani. Bara da azumi na gaya masa a waya, ina jin nauyi, ina jiran ya tuna mini da Dopemu. Dariya ya yi har ya sarƙe, sannan ya shiga tambaya kamar mai jarraba almajiri: daga ina kake farawa? Kana bin kwanciyar gashi ko kana saɓa masa? Ya ce kada in taɓa kai ƙarfe maƙogwaron mutum ban sanar da shi ba, ko da ba ya ji, don wanda ya miƙa maka wuyansa ya ba ka amanar da ba ya ba ɗan'uwansa. Na roƙe shi kada ya gaya miki. Ga shi ya tafi da ita, kamar yadda ya tafi da sirrin rabin Agege. Ranar da ya rasu ina bakin aiki. Kafin in ga kiran Yaya an yi masa sutura, kafin in tashi an dawo daga maƙabarta. Washegari na koma na yi wa tsohon nan gyaran fuska, hannuna na rawa, shi ne ya riƙe mini tsintsiyar hannu.

Ki yafe mini ɓoyon, da na Dopemu, tunda shi ban sami bakin roƙonsa yadda ya kamata ba.

Auta, maganar shago. Na ji kana son ka mayar da shi wurin POS da cajin waya saboda an ƙara haya. Ban ce kar ka yi ba, na san fetur ɗin janareta kaɗai tun da aka cire tallafi a 2023 yana cinye rabin ciniki. Amma masu POS nawa ne daga layinmu zuwa gadar Pen Cinema? Kowace kusurwa da lema da teburi. Mai askin sunan da mata za su yarda su miƙa masa jaririn kwana bakwai fa, nawa suka rage? Hannunka ya fi nawa, Baba da bakinsa ya faɗa. Ka sa teburin POS ɗin a ƙofa, kujera da madubi su zauna inda suke. Hayar shekarar nan ni zan biya, ta baɗi mu ga abin da Allah zai yi. Littafin bashin nan mai baƙin bango kuma, da ka ce ka ga sunaye tun na zamanin Abaca, kar ka bi kowa. Yaya ta ce ya gaya mata ya yafe. Wanda ya kawo da kansa ka karɓa ka ba Inna ta yi masa sadaka.

Naman layya a raba yadda yake rabawa. Cinya guda ta Iya mai burodi ce, shekara nawa ba ta taɓa fashi ba, a kai mata a ce barka da Ileya, yadda Yarbawa ke kiran Babbar Sallah. Iyalan marigayi mai gidan hayarmu su ma. Makahon ƙofar masallaci hanta yake so, kuma gasasshiya, don ba shi da mai dafa masa. Yaya, kar ki bari a soye duka a yau, a yi wa Inna dambu wanda zai daɗe.

Zabira a bar ta a ɗakin Inna, a riƙa shafa mata mai saboda damina, kun san yadda fata ke yin fumfuna a Legas. Abu ɗaya nake roƙo a ciki, fatar wasa askar nan baƙa. Akwai wani ɗan Mile 12 da zai taso nan ƙarshen wata, zan turo wa Auta lambarsa. Fatar kawai za a ba shi, ban da asake, kar a tsare bawan Allah a filin jirgi.

A gaida Kawu da Goggo, da Liman, da 'yan majalisar ƙofar shago. Inna, ki sa ni a addu'a, ƙarfe bakwai na safe zan koma aiki.

Ɗanki.