Wasiƙa a kan jerin kayan gudummawar auren Auta

Yamai, daren Alhamis

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, ina neman gafararki a kan shirun da na yi tun ranar da kika turo mini adireshin shafukan intanet ɗin nan guda biyu na jerin kayan gudummawar aure. Ban manta ba, kuma ban yi fushi ba. Abin da ya faru shi ne, shawarar da kika kawo cikin raha ta zama babbar magana a gidanmu, har Inna ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice, ni kuwa ban so in rubuto miki ba sai na san inda aka tsaya. An sa ranar auren Auta mako uku bayan Sallar Layya. Za a ɗaura a Tawa, a ƙofar gidan Kawu, sannan a kawo amarya nan Yamai, unguwar Bukoki, inda angon ya kama haya.

Kin san ban buƙaci dogon bayani ba kafin in yarda da amfanin rubuta jerin abin da amarya take bukata, domin ke ce kika zauna a tsakar ɗakina ranar jere kina ƙirga tarmos ɗin ruwan zafi da aka kawo mini, kina dariya har da hawaye, sai da kika kai goma sha ɗaya. A cikin duk kayan nan babu fanka ko ɗaya, ga shi an kai ni a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake hana mutum barci. Har yau huɗu suna cikin kwalinsu a saman kabad. Biyu na kai gudummawa gidajen biki, kuma ina da tabbacin ɗaya daga cikinsu ya zagayo ya dawo mini a sunan Ƙarami, saboda na gane tabon da ke gefen murfinsa. Don haka da kika ce a Faransa amarya da ango suna buɗe jeri a kanti ko a intanet, kowa ya shiga ya zaɓi abin da zai saya, abin da aka riga aka ɗauka kuma a cire shi, na ga kamar an samo maganin ciwon da ya daɗe yana damuna.

Kuskuren da na yi shi ne barin Auta ta gabatar wa Inna da maganar. Ta zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, ta buɗe waya tana nuna mata hotunan tukwane da zannuwan gado, kowanne da farashinsa a ƙasa. Inna ta duba, ta sake dubawa, sannan ta tambaya a hankali ko nufinmu shi ne mu rubuta wa mutane abin da za su ba mu, har da kuɗinsa, alhali a danginmu ba a taɓa yin maroƙi ba. Auta, da yake ba ta san lokacin da ake yin shiru ba, ta ce ai al'ada ce tsohuwa, wani babban kanti mai suna Marshall Field's a birnin Shikago na Amurka ne ya fara ta tun 1924. Inna ba ta amsa ba. Ta tashi ta jawo kwallar nan da ke ƙarƙashin gadonta, ta ɗaga zannuwan da ke ciki, ta fito da littafin biki.

Kin taɓa ganin littafin nan, amma ban tsammanin kin taɓa buɗe shi. Littafin 'yan makaranta ne mai bangon shuɗi, an ɗinke bayansa da zaren lilo, shafukan farko da rubutun ajami na marigayi Baba, na baya kuma da hannuna, tun da ni na gaje shi a wannan aiki. Kowane biki da suna da Inna ta halarta cikin shekaru fiye da talatin yana ciki: gidan wance, dala ɗari huɗu da sabulu sanda biyu, gidan wance, turmin atamfa, gidan wance, jikka biyar da kwano mai murfi. A ɗaya ɓangaren kuma an rubuta abin da aka kawo mata a bikin Yaya da nawa. Ta sa na karanta mata shafi uku a bayyane, tana gyara mini inda na yi tuntuɓe, domin ta haddace su. Da na gama ta ce wa Auta duk matar da ke cikin littafin nan ta riga ta san abin da za ta kawo, kuma ta san ba za ta kawo ƙasa da abin da aka kai mata ba, sai dai ta ɗora a kai. A nan na gane inda muka yi saɓani. Ke da Auta kuna kallon gudummawa a matsayin kyautar da amarya take so, Inna kuwa tana kallonta a matsayin bashin zumunci da ta shekara talatin tana shukawa, kuma ranar auren autarta ce ranar girbinta ta ƙarshe.

Duk da haka ban watsar da shawararki ba, domin akwai mutanen da ba sa cikin littafin Inna: ƙawayen Auta na jami'a, abokan aikin ango, 'ya'yan Kawu da ke bida a Abijan, ku na Faransa, da ɗan Gwaggo da ke Amurka. Waɗannan su ne suke ta kirana suna tambayar me amarya ta rasa, kuma su ne za su sayo tarmos na goma sha biyu idan ba a faɗa musu ba. Saboda su na zauna na duba shafukan da kika turo da idon basira.

Na farko, na kantin Galeries Lafayette, ya yi kyau ƙwarai, har na ɓata rabin dare ina kallon faranti. Sai dai kayan suna Faransa, amarya kuma tana Bukoki. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kayan da suke zuwa ta teku yawanci ta tashar Lome suke sauka, su ratso Burkina Faso a cikin ayarin manyan motoci, kuma babu ɗan kasuwar da zai rantse miki da ranar isowarsu. Idan aka haɗa kuɗin dako da na duwan, wato kwastan, tukunyar da aka saya a Paris za ta iso nan da farashin tukwane uku, wataƙila ma bayan an yi sunan ɗan fari. Na kuma gargaɗi ɗan Gwaggo da kada ya turo wani abu mai aiki da lantarki, tun da wutar Amurka 120 ce, tamu kuwa 220, kuma na ga yadda injin markaɗen maƙwabciyata ya yi hayaƙi a ranar farko.

Na biyu, wanda ake tara kuɗi kawai a asusu ɗaya, ya fi kusa da bukatarmu, amma da na karanta ƙa'idojinsa har ƙasa na ga abubuwa biyu. Mai bayarwa sai yana da katin banki, kuma kin san a cikin matan da za su zo bikin nan, masu katin banki ba za su cika tabarma ɗaya ba. Sannan kuɗin da aka tara a asusun banki na can Turai ake zuba su, bayan an cire ladan shafin. Wannan zai yi muku aiki ku da kuke can, amma ba zai yi wa mai sayar da fura a Tawa ba, wadda ta saba ta je ofishin aika kuɗi na Nita ko Al Izza ta ba da jikka biyu a hannu, ta kira ni ta karanto mini lambar karɓa.

Akwai na uku da ba ki sani ba. Wata abokiyar aikina ta haɗa ni da wani saurayi a nan Yamai da ya ce yana buɗe wa amare irin wannan jeri a waya. Na kira shi ya zo gida, yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Inna, kuma shafinsa yana da tsari. Na tambaye shi a hannun wa kuɗin mutane za su zauna kafin biki, ya ce a lambar wayarsa. Na tambaye shi ina ofishinsa yake, ya ce yana kan nema. Na tambaye shi idan an biya kuɗin firji yau, farashi ya tashi kafin wata biyu, wa zai cika, sai ya yi murmushi ya ce Allah zai rufa asiri. Ban zarge shi da komai ba, kuma ina yi masa fatan alheri, amma ba zan iya ɗora amanar mutum hamsin a kan lambar wayar wanda ban san gidan iyayensa ba.

Inda na samu mafita shi ne wurin da ya kamata in fara zuwa tun farko, wato rumfar Alhaji mai kwanuka a Babbar Kasuwa, wanda Inna ta sayi kayan ɗakina a wurinsa. Mahaifinsa yana kasuwar tun kafin gobarar 1982, kuma mutumin Adar ne, ya san Kawu. Na je masa ranar Asabar da takarda a hannu, na zauna a kan benci tsakanin tulin samira da kuloli, na yi masa bayanin abin da Turawa suke yi. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau, ya ce wannan ai ajiya ce, kuma sun daɗe suna yi wa masu adashe. Ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya rubuta sunan Auta a sama, muka bi kayan ɗaya bayan ɗaya muna ciniki. Mun fi minti ashirin a kan jeren tukwane kaɗai, yana cewa albarka, ina tashi ina komawa, har yaronsa ya kawo mana shayi. Abin da muka daidaita shi ne, duk abin da aka biya za a ɗaure shi a rubuta sunan amarya a jiki a ajiye a sito a farashin ranar, wanda bai yi mata ba kuma za ta iya musanya shi cikin wata ɗaya bayan tarewa, muddin ba a yi amfani da shi ba. Bai nemi lada ba, tun da cinikin nasa ne. Firji da murhun gas da fanka biyu, waɗanda ba ya sayarwa, ya haɗa ni da maƙwabcinsa a kan irin wannan sharaɗi, kuma ya tsaya masa.

Jerin kansa yanzu yana cikin wani zaure na WhatsApp da na buɗe wa matasa da na ƙasashen waje kaɗai. Da Inna ta ji cewa babu wata tsararta da za a tura wa, kuma Alhaji ne zai riƙe kayan, ta ce mu yi abin da muka ga dama, amma littafinta ne zai zauna a gabanta ranar wuni, kuma duk abin da ya shigo ta waya sai an rubuta shi a ciki, domin wata rana Auta ce za ta rama. Na karɓi wannan sharaɗi da hannu biyu.

Abu ɗaya ne har yanzu yake hana ni sukuni, kuma a kansa nake son jin ra'ayinki. Auta tana so a riƙa rubuta sunan wanda ya ɗauki kowane kaya a cikin zauren, don a yi masa godiya a gaban kowa. Ni ina tsoron hakan. A cikin ƙawayenta akwai wadda mijinta yake da manyan motoci, akwai kuma wadda ta gama karatu shekara uku ba ta samu aiki ba, kuma na san ta biyun ta fi ta farkon ƙaunar Auta. Idan aka ga sunan wannan a gaban firji, sunan waccan a gaban ludayi, to mun kunyata yarinya da hannunmu. A littafin Inna ma ana rubuta komai, amma littafin yana komawa ƙarƙashin gado, ba ya yawo a wayar mutum arba'in. Shawarata ita ce a rubuta "an ɗauka" kawai, sunayen su tsaya a wurina, sannan manyan kaya a raba su kashi-kashi na jikka biyar, yadda mai ƙaramin ƙarfi za ta shiga cikin firjin ba tare da kowa ya san ko kashi ɗaya ta ɗauka ko goma ba. Auta ta ce na cika tsufa. Ki faɗa mini yadda kuke yi a can, ko baƙi suna ganin abin da junansu suka bayar, ko amarya da ango ne kaɗai suke gani, domin idan maganar ta fito daga bakinki za ta fi saurara, tun da a wurinta duk abin da ya fito daga Faransa wahayi ne.

Ga kuma roƙona. Tun da ke kika tayar da wannan ƙura, ke za ki riƙe ɓangaren Turai. Ki buɗe asusun tara kuɗin da sunanki, ko kuma ki karɓa a hannu idan hakan ya fi sauƙi, ki haɗa na mutanenmu na can, ki turo a dunƙule sau ɗaya don kada kuɗin aike ya cinye rabin alherin. Lissafin ba shi da wuya, tun da Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato Yuro 50 ya kama kusan sefa 32,800. Ki turo mini sunayen da abin da kowa ya bayar a saƙo na daban, ba a zauren ba, don in shigar a littafi. Ina so kuɗin su iso kafin a shiga watan Sallah, saboda daga nan kasuwa takan cika, motocin Tawa ma wuri yakan yi wuya, ga shi sai na yi tafiyar nan ta kusan kilomita 550 sau biyu kafin biki.

Kada kuma ki ce za ki ɗauki fanka, na riga na biya kuɗin duka biyun da kaina tun ranar Asabar. Tarmos ɗaya ne tak a jerin, kuma na rubuta a gabansa cewa an ɗauka, domin zan sauko da ɗaya daga saman kabad.

Inna tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko za ki zo da yaran ko ke kaɗai, don a san turmi nawa na anko za a ajiye miki. Ki gaida maigida da kyau.

Wassalam,
Taki har kullum,
Yayar amarya