Wasiƙa zuwa Riyad: sunan mai talla da hajar da ba tasa ba

Jidda, Saudiyya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin Riyad bai takura muku ba. Mu nan Jidda lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin cewa mai shagon turaren da kake yi wa aiki ya damƙa maka harkar tallan hajarsa gaba ɗaya, tun daga Instagram da Snapchat da TikTok har zuwa amsa masu tambaya a WhatsApp. Allah Ya sanya albarka a ciki. Na ga ya fi dacewa in zauna in rubuto maka a tsanake maimakon in aiko da saƙon murya, domin tambayoyin da ka yi mini ba irin waɗanda ake amsawa a tsaitsaye ba ne.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, turaren ba naka ba ne, shagon ma ba naka ba ne, amma muryar da mutane suke ji taka ce, kuma lambar da suke kira idan abu ya ɓaci taka ce. Aikinmu dillanci ne, ko da yake ya koma cikin waya, kuma dillali tun asali sunansa yake ba haja aro ya karɓi la'ada. Idan shago ya yi ƙaurin suna, mai shi yana iya sauke allo ya sake suna ya koma wata unguwa, amma kai duk inda ka nufa da sunanka za ka tafi. Ka kuma san yadda jama'armu take a ƙasar nan. Hausawan Makka da Madina da Jidda da Riyad kusan duk a haɗe suke ta aure ko ta ciniki ko ta zaurukan WhatsApp, kuma waɗannan zaurukan sun miƙe har Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Idan wata Hajiya ta buɗe kwalinta a Kano da hantsi ta tarar da abin da ba shi ta saya ba, kafin la'asar saƙon muryarta ya zaga unguwar Shari'a Mansur da ke Makka, kuma sunan da za a ji a ciki shi ne na wanda ya ce mata kayan mai kyau ne.

Ka tambaye ni game da mutumin da ya ce zai sayar maka da mabiya da kuma tsokacin yabo na haya, domin shafin ya yi kwarjini kafin azumi. Shawarata ita ce ka rabu da shi. Ta fuskar addini, malamai sun daɗe da yi mana bayanin najashi, wato mutum ya tsaya yana taya haja yana ƙara mata kuɗi alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ja na gefe ya faɗa, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Ban ga abin da ya raba wannan da hayar mutum ya rubuta cewa ya gwada turare ya ji daɗinsa alhali ko kwalbar bai taɓa gani ba. Ta fuskar kasuwa kuwa, masu saye sun waye. Mace mai sayen turaren wuta a yau tana duba shafi ta ga dubban mabiya, ta gangara ƙasa ta ga masu magana ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk maganarsu iri ɗaya ce, nan take ta gane. Kamfanonin kafofin sada zumuntar su ma sukan share irin waɗannan asusun lokaci zuwa lokaci, sai ka wayi gari adadin ya zube a idon kowa. Abin da ya fi maka amfani shi ne ka roƙi wanda ya saya da gaske ya faɗi abin da ya gani, ka nemi izininsa kafin ka wallafa, kuma idan ya ce ƙamshin ya yi masa amma bai daɗe a tufafi ba, ka bar maganar yadda take. Yabon da yake da 'yar tawaya a jikinsa ya fi shiga zuciyar mai karatu.

Sai kuma doka, wadda na lura da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu wannan sana'a ba su taɓa karanta ta ba. A shekarar 2019 aka kafa dokar kasuwancin intanet a ƙasar nan, Ma'aikatar Kasuwanci ce take kula da ita, kuma akwai wani sashe a cikinta da ya shafe ka kai tsaye. Dokar ta ɗauki tallan da aka wallafa a matsayin wani ɓangare na yarjejeniyar ciniki, ma'ana duk abin da ka rubuta ko ka faɗa a bidiyo ya zama alkawarin da mai saye zai iya riƙe shago da shi. Idan ka ce turaren udu ne tsantsa alhali haɗi ne, ko ka ce dabinon ajwa ne na Madina alhali wani iri ne mai kama da shi, ba za a karɓa cewa salon talla ne ba. Ta kuma wajabta a bayyana cewa talla talla ne, ta hana ƙarya a cikinsa da amfani da tambarin wani kamfani ba da izini ba, wanda nan ne masu sayar da turaren kwaikwayo suke afkawa. Mai saye yana da damar mayar da kaya cikin kwana bakwai muddin bai yi amfani da su ba, ban da wasu nau'o'i kamar abin da aka ɗinka ko aka haɗa dominsa shi kaɗai, kuma idan aka jinkirta kai masa kaya fiye da kwana 15 yana iya fasa ciniki ya karɓi kuɗinsa. Tarar saɓa wa dokar tana iya kaiwa riyal miliyan ɗaya, ana kuma iya toshe shafin shago. Ƙorafi kuwa ba ya buƙatar lauya, domin lambar 1900 kawai mutum zai kira. Ni a ganina abin da ya fi tarar zafi shi ne yadda ma'aikatar kan wallafa sunan wanda aka yanke wa hukuncin algus, kowa ya gani.

Saboda haka kada ka yi tallan abin da hannunka bai taɓa ba. Ka buɗe kwalba, ka shafa, ka ƙona turaren a gidanka, ka ga awa nawa yake yi. Ka ɗauki hoton ainihin hajar da za a tura, cikin hasken da bai sauya mata launi ba, domin mafi yawan rigimar abaya da jallabiya daga nan take tasowa, mutum ya ga baƙi wuluk a waya ya karɓi mai ja-ja. Ka faɗi farashi cikakke tare da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun 2020, da kuɗin kago idan Nijeriya ko Nijar za a kai, kada mai saye ya ji sabon lissafi bayan ya tura kuɗi. Idan mai gidanka ya ce a yi shelar rangwame, ka tambaye shi ko ya karɓi lasisin rangwamen, domin a nan sai da izinin ma'aikata ake yin sa, kuma kada ka yarda a ɗaga farashi yau a zaftare gobe a kira shi ragi.

Akwai tallace-tallacen da ko nawa aka ba ka ina roƙonka ka ƙi. Na farko shi ne man bilicin da haɗe-haɗen gargajiya da ba su da rajista da Hukumar Abinci da Magunguna, waɗanda ake cewa suna maganin suga da basur da rashin haihuwa duk a kwalba ɗaya. An sha samun sinadarin makuri (mercury) mai guba a cikin mayukan sauya launin fata, kuma wanda fatarsa ko ƙodarsa ta lalace ba ya mantawa da wanda ya tallata masa. Wanda ya fi wannan hatsari shi ne tallan biza da aikin hajji ta bayan fage. Da zarar lokaci ya gabato za su zo maka, wasu ma da fuskar mutunci, su ce ka sanya musu sanarwa kawai, su ne za su ji da sauran. Ka tuna hajjin 2024, wanda hukumomi suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu a cikin tsananin zafi, kuma kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin aikin hajji. A 2025 an sanya tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda ya yi yunƙurin hajji ba izini, da wadda ta kai 100,000 ga wanda ya taimaka masa, kuma jami'an tsaro suna kama masu irin wannan talla a shafukan sada zumunta. Ga wanda yake zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, kamar ni da kai, ƙarshen irin wannan shari'a jirgin komawa gida ne.

Wannan ya kawo ni ga matsayinka a takarda. Tun 2022 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta wajabta wa masu talla a shafukansu na kansu su mallaki lasisin da ake kira Mawthooq, wanda kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara uku, ta kuma hana baƙi yin talla ba tare da izini ba. Don haka ka tsaya a shafin shago, wanda yake ɗauke da sunansa da lambar rajistarsa, ka bar shafinka na kanka ga zumunci. Kuɗin ciniki kuma su shiga asusun shago. Na san mutanenmu da yawa sun fi sakin jiki su tura wa wanda suka sani, za su ce maka su da kai suka yi magana, amma duk ranar da kuɗin haja suka fara bi ta asusunka, ka buɗe ƙofar zargi biyu, ɗaya daga mai gidanka idan lissafi ya sami giɓi, ɗaya daga hukuma, wadda take iya ɗaukar abin a matsayin tasattur, wato baƙo yana kasuwancin kansa a ɓoye da sunan ɗan ƙasa. Hukuncin wannan a dokar 2020 yana kaiwa ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar.

Game da matar da ka ce ta zage ka a bainar jama'a kan kayan da suka makara, na fahimci ɓacin ranka, musamman da yake laifin na kamfanin jigila ne. Duk da haka, amsar da za ka bayar ba ita kaɗai za ta karanta ba, ɗaruruwan da ba su ce komai ba suna kallo su ga yadda kake idan an taɓa ka, kuma da wannan za su yanke shawarar saye ko fasawa. Ka amsa mata a wurin da ta yi maganar, da gajeren jawabi mai ladabi, ka kira ta Hajiya ko da ta girme ka ko ba ta girme ka ba, ka ba ta haƙuri, ka faɗi ranar da ka bincika ka tabbatar kayan za su isa, sannan ka koma da sauran maganar ta waya. Kada ka goge ƙorafinta, domin tana da hotonsa, kuma gogewa tana mayar da ƙaramin jinkiri ya zama zargin damfara. Idan an warware, babu laifi ka roƙe ta ta koma ta faɗi yadda aka ƙare. Abin da ban yarda ka yi ba ko kusa shi ne ka wallafa hoton hirarku ko lambarta ko adireshinta don ka wanke kanka. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000 kan ɓata sunan mutum ta waɗannan kafofi, ga kuma dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a watan Satumba na 2023. Wannan dokar ta biyu ita ce kuma dalilin da zai sa ka daina zuba lambobin masu saye cikin zaure ba da saninsu ba, ko ka ba wani ɗan kasuwa su don zumunci. Haka nan abokan hamayyarku, ko da ka san hajarsu jabu ce, kada sunansu ya fito daga bakinka a bidiyo. Ka bayyana yadda ake gane udu na ƙwarai, mai hankali zai ƙarasa lissafin da kansa.

Ka riƙa ajiye shaida. Duk umarnin da mai gidanka ya ba ka kan farashi ko kan abin da za a faɗa game da haja, ka sa ya zo a rubuce, ko ka maimaita masa a saƙo ya amsa da na'am. Ka adana rasit da lambar kago da hoton kaya kafin a rufe kwali. Idan ya matsa sai ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, ka nuna masa sashen dokar cikin girmamawa, ka fahimtar da shi cewa shagonsa za a fara rufewa. Mafi yawansu suna ja da baya idan suka ji haka, wanda kuma ya ƙi ja, to ka fara neman wani wuri tun sunanka yana da tsabta.

Kafin ka saki tallan azumi, ka turo mini rubutun da bidiyon in duba maka, musamman wurin da ka siffanta udun da kuma ranar da kuka yi alkawarin isar kayan sallah Kano, domin jigila takan cushe a goman ƙarshe, kuma gara ka faɗi ranar da ta fi nisa. Ka kuma tambayi mai gidan ko an tantance shagon a dandalin Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya, inda aka mayar da aikin tantance shagunan intanet da dandalin Maroof yake yi a da, ka sanya shaidar a saman shafi.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da dukkan 'yan'uwa na nan Riyad. Mutanen gidana suna gaishe ku. Idan Allah Ya kawo ka umara cikin watan, ka biyo ta Jidda mu sha ruwa tare.

Wassalamu alaikum.

Naka,
amininka na Jidda