Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: Wa Zai Gaji Likitocin Dabbobinmu?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da Ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, ni likitan dabbobi ne mai zaman kansa a nan cikin birni. Ba aiki nake nema ba, ba kuma kwangila ba. Maganar yaran da ke bayanmu ce ta sa na rubuto. Magabatanmu a wannan sana'a suna ta ajiye aiki, wasu sun riga mu gidan gaskiya, ga kuma matasa suna fitowa daga jami'a da takarda a hannu ba tare da sun sami wanda zai tsaya a kansu ya goge su ba. Roƙona shi ne gwamnati ta haɗa waɗannan biyun tun suna iya haɗuwa.

Yaro yakan yi shekara 6 a jami'a kafin a kira shi likitan dabbobi, sannan sai Hukumar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa ta yi masa rajista. Da can sai mun tafi Zariya, inda tsangayar Jami'ar Ahmadu Bello take horar da mutane tun shekarun 1960, ko Sakkwato, ko Maiduguri. Yanzu, alhamdu lillahi, Jami'ar Bayero ma tana da tata. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta tana yaye malaman dabbobi, wato masu taimaka wa likitoci. Ke nan ba masu karatu muka rasa ba. Abin tambaya shi ne ina suke zuwa bayan bautar ƙasa. Da yawa daga waɗanda na sani shago suke buɗewa su sayar da magani da abincin kaji. Halal ne, ban raina ba. Amma wanda ya koyi fiɗa da binciken cuta, in ya ƙare a auna dusa da miƙa kwalba, ba shi kaɗai ya yi asara ba.

Akwai ilimin da ba a samu a aji. Da ma Mai Girma zai leƙa mayanka irin ta Ƙofar Mazugal da asuba, lokacin da mahauta ke fiɗa ana gaggawar kai nama kasuwa. Mai duba nama yana da 'yan mintuna ne kawai a kan kowace saniya. Zai ɗaga huhu ya mammatsa, ya tsaga kaluluwar da ke tsakani. In wuƙa ta yi ƙaras-ƙaras kamar ta bi ta kan yashi, wani abu fari-fari mai kauri ya fito, to tarin fuka ne, kuma irin wanda ke kama mutum. Zai juya hanta ya tsaga hanyoyin matsarmama. In sun yi kauri sun yi fari, tsutsa mai faɗi ta sulalo, wannan ciwon hanta ne, hantar ba ta da wurin zuwa sai rami. Hannu ne ke koyon wannan, a gefen wanda ya daɗe yana yi. Abin da ya fi wuya ma shi ne ka kalli mahauci, wanda wataƙila bashi ya ci saniyar a Wudil, ka ce masa naman nan ba zai fita ba. Matashin da bai san Sarkin Fawa ba, bai san yadda ake magana da dillalai ba, ba shi da babba a bayansa, ko dai ya kau da kai ko a yi masa ca. Kuma muddin mahauci ya san in an ƙwace ya tashi a tutar babu, dabbar da yake zargi ba za ta ga ƙofar mayanka ba, a lungu za a yanka ta. Shi ya sa nake ganin ɗan asusun rage asara ga wanda aka ƙwace wa nama ya fi tara da barazana amfani.

Mutane suna ɗauka aikinmu na dabba ne kawai. Bakkale, da ke sa saniya ɓari, yana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, a yi ta shan maganin sauro da taifod ba sauƙi. Haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a, alhali allurar da ake yi wa kare ita ce ke tare shi tun daga tushe. Masu gonakin kaji ba su manta da 2006 ba, shekarar da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan, Kano na cikin jihohin da suka fara ɗanɗanawa. A 2023 kuma aka tabbatar da cutar saifa, mai kashe dabba farat ɗaya tana kuma kama mutum, a Suleja. Gari irin Kano da dabbobi ke kwararo masa daga Nijar da Chadi bai kamata ya yi barci da ido biyu ba.

Sai wata ɓarna da ke gudana a cikin gidajenmu. Kafin babbar Sallah, uwargida ta turke rago ko biyu, ta ga ɗaya ya yi sanyi ya daina cin harawa. Sai a aiki yaro ya sayo allura, wani mai ƙarfin hali a unguwa ya danna masa. Babu wanda ya auna nauyinsa, babu wanda ya gaya mata cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da kwanakin da dole a jira kafin a yanka ko a sha nono. Ragowar maganin cikinmu yake shiga, ƙwayoyin cuta su saba da shi, gobe likitan asibiti ya rubuta wa ɗanka magani ya ƙi ci. Ban ga laifin matar ba. Wanda ta samu kusa da ita shi ta kira.

Kuma mun san in an sa kai ana cin nasara. Dattawan Fulani har yau suna ba da labarin cutar bushiya, annobar shanu, da yadda ta share garke a farkon shekarun 1980. A 2011 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Malaman dabbobi ne suka yi wannan, ruga-ruga, da akwatin ƙanƙara a bayan babur. Yanzu duniya ta sa 2030 a gaba don kawar da annobar awaki da tumaki, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurarta a nan gida. Amma allurar rigakafi in zafi ya buge ta a hanya, ruwa ka yi wa dabba. Makiyayin da aka yi wa irin wannan, awakinsa suka mutu duk da haka, baɗi ko kyauta ka zo ba zai tara maka ba. Rigakafin da aka yi ƙarƙashin shirin bunƙasa noma da kiwo na jiha, wanda Bankin Raya Ƙasa na Musulunci ya tallafa wa, abin yabo ne. Sai dai shiri yana da wa'adi, cuta kuwa ba ta da shi. Ma'aikacin dindindin ne ke nan bayan an naɗe tabarma.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. A ɗauki matasan likitoci da malaman dabbobi aiki yadda kowace daga ƙananan hukumomi 44 za ta sami wanda yake kwana a cikinta, ba wanda ke leƙawa ranar kasuwa ba. Kada a tura su kai-tsaye. Su fara yin shekara guda suna zagayawa: mayanka, asibitocin dabbobi irin na Gwale da Kundila, kasuwar 'Yan Awaki, gonakin kaji, har da bargar dawaki, tunda garin hawan Sallah ne. A dawo da waɗanda suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu a kan ɗan alawus su riƙe yaran, don da tsohuwar zuma ake magani.

Waɗanda ke bakin aiki kuma a buɗe musu ƙofar ƙaro ilimi. Cututtuka suna sauya salo, hanyoyin gwaji suna sauyawa, amma in mutum zai halarci bita daga albashinsa, sau da yawa haƙura yake yi. A ware kuɗin horo a kasafi, a ba da hutun karatu ga mai son ƙwarewa, da sharaɗin ya dawo ya yi wa jiha aiki. A kuma tuna da 'yan mata masu karanta wannan fanni, domin su ne za su shiga cikin gida inda akuya da kaza suke, inda ni sai dai in tsaya a zaure a fito mini da dabba.

In Mai Girma zai sa a fara da abu ɗaya, to a nemi jerin likitocin dabbobin da ke aikin gwamnatin jiha, da shekarar da kowannensu zai yi ritaya, a ajiye maka a kan tebur kafin a rufe kasafin baɗi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani likitan dabbobi a birnin Kano.