Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Mambobin Haɗakar Ƙananan Ƙungiyoyinmu Ta Gombe

Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, shugabanni da wakilan ƙungiyoyin da ke cikin wannan haɗaka, assalamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Wannan rahoton Sakatariya ne. Lissafin kuɗi yana cikin takardar Ma'aji da aka raba muku, a karanta su tare.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi da muka saba ɗagawa, da wasu biyu da mahalarta ba su kai adadin da kundinmu ya tanada ba. Kwamitin zartarwa ya yi zamansa yadda aka tsara.

Sai maganar kuɗin wata, tunda ita ce ta yi wa sauran ayyuka tarnaƙi. Ƙungiyoyin da suka biya cikakke ba su kai rabi ba. Akwai waɗanda tun Janairu ko sisi ba su saka ba, kuma an tuna musu a taro, an kira su a waya, an aika musu takarda da hannu. Mun san halin da ake ciki. Litar mai ta haura naira 1,000 kafin shekara ta ƙare, kuma wakilin da zai taso daga Nafada, Dukku ko Talasse, kuɗin motarsa kaɗai ya fi kuɗin watan. Shi ya sa aka amince a riƙa turowa ta asusun banki ba sai an zo ba. Abin da ke ba mu mamaki, yawancin masu bashin ba na nesa ba ne. Suna nan Pantami, Bolari, Tudun Wada da Jekadafari, kuma duk ranar da aka saka sanarwar tallafi a zauren WhatsApp, su ne farkon masu kira suna tambayar yadda ake cike fom.

Ɗakin taimako mai kwamfuta da firinta da muka yi alkawarin buɗewa bai buɗe ba, kuma tunda ana ta ƙananan maganganu a kai, ga yadda abin ya kasance. Ɗaki yana nan, ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu ce ta ba mu aro. Kwamfuta ma tana nan. Abin da ya rage shi ne firinta mai haɗe da na'urar ɗaukar hoton takardu, da wutar da za a dogara da ita. Duk mun ga duhun da aka shiga daga ƙarshen Afrilu, lokacin da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe aka yi makonni babu lantarki. Wannan ya sa kwamiti ya yanke cewa ba za a buɗe ɗakin a kan wutar gari ko janareta ba, sai da sola. Mun karɓo farashin faifan sola, inbata da batir daga wurare uku. Mai kaya ba ya tsaya maka a kan farashi fiye da 'yan kwanaki, mu kuwa gudummawar watanni ta ɗauka tana ɗigowa, kafin ta kai adadin farko batir kaɗai ya cinye kaso mai yawa. Wasu sun ce a sayi batir na hannu. Kwamiti ya ƙi, domin ba ka da hanyar sanin yawan cajin da ya riga ya sha, kuma zafin Maris da Afrilu na nan garin yana saurin kashe batirin da ya tsufa. An kuma ba mu kyautar tsohuwar firinta mai garin tawada, ba mu haɗa ta ba. Irinta tana ɗumama ƙarfe kafin ta buga, tana jan wutar da ƙaramin inbata ba zai ɗauka ba. Mai tankin tawadar ruwa muke nema. Kuɗin da aka tara yana asusu, ba a taɓa shi ba, mai shakka ya dubi takardar banki da ke maƙale da rahoton Ma'aji.

Takardar labarai ta wata-wata sau huɗu kacal ta fito. Sakatariya ba za ta ƙirƙiro labarin ƙungiyarku ba. Abin da muka roƙa layi biyar ne da hoto ɗaya: me kuka yi, a ina, mutum nawa suka amfana, nawa aka kashe. Ƙungiyoyin da ke aikin dashen itatuwa da cike bakin kwazazzabai, da masu tara wa marayu kayan makaranta, mun san sun yi aiki, amma a bakin wasu muke ji. Kundin sunayen mambobi ma haka ya tsaya, fom ɗin da aka raba tun farkon shekara har yau wasu ba su dawo ba.

Ta ɓangaren sanarwar tallafi kuwa, dokar nan da wasu suka ji haushinta tana nan daram: ba a saka sanarwa a zaure sai Sakatariya ta tantance. Muna duba ko sanarwar tana kan shafin hukumar da aka ce ita ta fitar, ko adireshin intanet ɗin nata ne na gaskiya ba wanda aka sauya wa harafi ɗaya ba, da ranar rufewa, da sharuɗɗan shiga. Duk wadda ta nemi kuɗin fom, ko lambar BVN, ko lambar sirrin da banki ke turowa a waya, zamba ce, gogewa muke yi nan take ko wa ya turo.

Yanzu ga abin da ya wanke mana zuciya a bana, wato horon kwana biyu na watan Nuwamba. Wata makaranta ce ta ba mu aron zaurenta, lauyan da ya koyar da akantan da ya yi ritaya duk 'yan cikinmu ne kuma ba su karɓi ko kwabo ba, ƙungiyoyin mata suka ɗauki nauyin abinci. Wakilai sun zo daga Kumo, Deba, Bajoga, Billiri da Kaltungo, har sai da aka ƙaro benci. Sharaɗi ɗaya muka gindaya, kuma shi ne sirrin nasarar: kowace ƙungiya ta turo sakatare da ma'aji, su zo da ainihin takardunsu da littafin kuɗinsu, komai muninsa.

Ranar farko rajista aka yi wa filla-filla. Da yawa sun zo da takardar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha suna ganin sun gama. Tana da amfaninta a gida, amma banki da manyan masu ba da tallafi takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, suke tambaya, wadda ake yi a ƙarƙashin Kashi na F na dokar kamfanoni ta 2020, wato rajistar amintattu, mutanen da ke riƙe amanar ƙungiya da dukiyarta a idon doka. Lauya ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiya za ta yi babban taro ta zaɓi amintattu, aƙalla biyu, ta amince da kundin tsarin mulkinta, a rubuta bayanin taron shugaba da sakatare su sa hannu. A nemi amincewar hukumar a kan suna. A buga sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Ba a saka yaron da bai kai shekara 18 ba, ko wanda kotu ta samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce.

Inda takardu suka fi maƙalewa ba a manyan abubuwan nan ba ne. Amintacce ɗaya sunansa Muhammad a katin NIN, Mohammed a banki, Muhammadu a bayanin taro, ko ranar haihuwarsa ta sha bamban tsakanin takarda da takarda. Sai a dawo da fom, wani lokaci har sai an sake buga jarida, kuɗi ya tafi a banza. Nan take aka sa kowa ya fito da katinsa aka gwada harafi da harafi, kuma kusan kowane tebur sai da aka samu irin wannan. Shawarar lauya ita ce a gyara tun kafin a fara, a kuma kwafi sunan kamar yadda yake a NIN a ko'ina. Ya kuma ja kunnen masu cika jerin amintattu da manyan mutane don neman suna. Ranar da ake buƙatar sa hannunsu ko hotonsu, ba a samun su, kuma sauya amintacce daga baya shi ma sai an koma jarida.

Wani bayani da ya ceci kuɗin ƙungiyoyin mata masu adashi da sana'a: wannan rajistar ba ta yarda a raba wa mambobi riba ba, duk abin da ya shigo aikin ƙungiya ake yi da shi. Wadda burinta a juya jari a raba riba a ƙarshen shekara, rajistar ƙungiyar gama-kai ta jiha ce ta dace da ita.

Masu tsohuwar takardar CAC su ma ba su tsira ba. Doka ta ce a miƙa bayanin shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, ban da shekarar da aka yi rajista. Aka haska shafin binciken hukumar a bango, aka riƙa shigar da sunayen ƙungiyoyin da suka yarda. Zaure ya yi tsit da aka ga wasu sanannu a cikinmu an nuna ba sa aiki, alhali kullum suna fagen aiki. Mai ba da tallafi nan yake fara dubawa, kuma tara ƙaruwa take yi kowace shekara. An rufe ranar da lambar haraji ta TIN da takardar SCUML, sashen sa ido kan halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, waɗanda bankuna kan nema wajen buɗe asusun ƙungiya. Ta SCUML a intanet ake cikewa kuma kyauta ce, don haka wanda ya ce ku kawo kuɗin takardar, ladan hidimarsa yake nema, ku yi ciniki da saninku.

Rana ta biyu ta akanta ce. Wata ƙungiya ta zazzage baƙar leda a kan tebur, rasit ne fal, na siminti, na katin waya, na shinkafa, rabinsu babu kwanan wata, wasu tawadar ta koɗe. Aka yi dariya, amma su suka fi kowa amfana, domin da takardunsu aka koyar. Littafi mai bango mai ƙarfi, a sa wa shafuka lamba kafin a fara, a ja layi shida: kwanan wata, bayani, lambar rasit, shiga, fita, ragowa. A rubuta da biro a ranar da abin ya faru. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a sa hannu a gefe, ba a gogewa, ba a yage shafi. Kuɗi ba ya fita sai da bauca mai sa hannun mai nema, mai amincewa da mai karɓa. Inda ba a ba da rasit, kamar ɗan acaba ko mai yashi, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala a baucar. Masu sa hannu a banki uku, biyu su isa a cire kuɗi, kuma kada biyun su fito daga gida ɗaya. Kuɗin da aka karɓa a taro a kai shi banki tukuna, ko da gobe za a ciro, domin kashewa daga hannu shi ne mafarin yawancin rigingimun da ake kawo mana sulhu.

Da rana aka koya daidaita littafi da takardar banki. Ma'ajin wata ƙungiya da aka daɗe ana yi wa kallon zargi saboda 'yan dubbai da suka ƙi fitowa, a gaban kowa aka gano inda suka shiga: naira 50 da a shekarar 2024 ake cira duk lokacin da naira 10,000 ko fiye ta shigo ta tiransifa, da kuɗin saƙon waya, da na kula da asusu, babu wanda ya taɓa shigar da su littafi. Shugabar ƙungiyar ta miƙe ta nemi afuwarsa a wurin. Akanta ya kuma taɓo abin da ya faru a watan Satumba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle Maiduguri ta cika da ruwa, ƙungiyoyi suka yi ta tara gudummawa a asusun mutum ɗaya. Niyya mai kyau ce, amma da kuɗin jama'a ya gauraya da na cefane, mai gaskiya ma ba ya iya wanke kansa.

Kafin ƙarshen Disamba, wasu daga cikin mahalarta sun miƙa bayanin shekarar da ake bin su, wasu sun kai ga buga jarida, wasu sun buɗe asusu da sunan ƙungiya. Muna godiya ga malaman biyu, da hukumar makarantar, da iyayenmu mata da suka tsaya a kan tukwane tun asuba. Darasin rubuta takardar neman tallafi da tsara kasafinta bai samu shiga ba, lokaci ya ƙure, kuma tsarin ma ya fi kyau a haka, tunda ba a neman tallafi da littafin da bai daidaita ba. Shi ne horo na gaba in kuɗin wata ya shigo.

Waɗanda ba su zo ba, ba su aiko da uzuri ba, yanzu kuma suna kira a zo har gida a maimaita musu, sai su yi haƙuri. Sakatariya aikin sa-kai take yi, kowa a cikinta yana da iyali da sana'a. An ajiye takardun darasin a wurin Mataimakiyar Sakatare, mai so ya biya kuɗin kwafi ya karɓa.

Kwamitin zartarwa zai gabatar da ƙuduri biyu a babban taro don kaɗa ƙuri'a. Na farko, ƙungiyar da bashinta ya wuce wata shida a dakatar da ita daga zauren sanarwa da horo, kuma haɗaka ba za ta rubuta mata takardar shaida ga kowane mai tallafi ba har sai ta biya. Na biyu, a ba masu tsohon bashi damar biya kashi uku, muddin sun kawo kashin farko kafin taron watan Maris. Wanda ya turo ta banki ya rubuta sunan ƙungiyarsa a wurin bayani, ya aika wa Sakataren Kuɗi hoton shaidar biya a ranar, domin har yanzu akwai kuɗin da suka shigo da sunayen mutane ba mu san na wace ƙungiya ba ne.

Sakatariya, a madadin Kwamitin Zartarwa.