Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Da Ke Karatu A Zariya

Agege, Legas.

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa lafiya kuma kin kama karatu. Mamanki da ƙannenki duk suna gaishe ki. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin a waya kina da dabarar sa ni dariya har in manta abin da ya sa na neme ki.

Yayanki ya nuna mini hoton da kika tura masa, kina sanye da farar riga a bakin ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Kowa a gidan nan ya yaba, ni kuwa abu biyu kawai na gani: biro a bakinki, da kuma ƙirjin rigarki babu ɗan bajon nan da kika ce mini shi ne yake auna yawan tururin nukiliyar da ya shiga jikin mutum. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Kin san ban hana ki wannan karatu na kimiyyar nukiliya ba, ko da yake abin da na so miki daban ne, kuma kin san abin da Gwaggonki ta faɗa a gaban jama'a ranar sunan nan da irin amsar da na ba ta. Na tsaya miki ne saboda kin zaunar da ni kin yi mini bayani, kin ce tun 2004 akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya ake ƙona ciwon daji a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Na gamsu, na biya, ban kuwa taɓa yi miki gorin yadda aka haɗa kuɗin ba.

To amma ke ce kika ba ni labarin Goyaniya ta ƙasar Birazil, don ki ja mini kunne a kan sana'ata. Kika ce a 1987 wasu 'yan gwangwan irinmu suka ɗauko wata na'ura daga asibitin da aka daina amfani da shi, suka fasa ta, suka sami gari mai shuɗin haske, wato sisiyom-137, suka yi ta rabawa 'yan'uwa suna sha'awa, har mutum huɗu suka rasu, cikinsu da yarinya 'yar shekara shida wadda ta ci abinci da ƙurar a hannunta. Tun daga ranar, duk wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa da aka kawo mini rumfa a Owode Onirin, ba na barin yara su sa masa guduma. Ni da ban wuce sakandare ba na ɗauki maganarki, ke mai maganar kin yar?

Shekara ashirin ina fama da ke a kan wannan hali. Murfin biro, bakin mayafi, farce, duk abin da hannunki ya taɓa sai ya je bakinki, kuma ba ki iya karatu sai da gyaɗa a gefe. A nan falonmu abin dariya ne, a can kuwa ba haka ba ne, domin da bakinki kika ce nau'in tururin nukiliyar da ake kira alfa ko takarda tana tare shi, amma idan sinadarin ya shiga ciki ta baki ko ta hanci, ko dalmar da ake tare tururin da ita ba za ta kare mutum ba. 'Yan matan da suke shafa fentin radiyom, sinadari mai fitar da irin wannan tururi, a fuskar agogo a Amurka wajen shekarun 1920, lasar bakin burushi kawai suke yi don ya yi tsini, ƙasusuwan muƙamuƙinsu suka ruɓe. Ita kanta Marie Curie, masaniyar kimiyyar da ta gano radiyom, wadda kika manna hotonta a bangon ɗakinki, ciwon jini ne ya kashe ta a 1934, kuma har yau littattafan aikinta a cikin akwatunan dalma ake ajiye su a Faransa, tunda radiyom sai ya yi kimanin shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kin fi ta ilimi ne? Idan ganganci kika je yi, ki tattaro kayanki ki dawo, kantin Mamanki yana neman mai tsaro.

Ki yi haƙuri da zafin maganar. Wataƙila kin cire bajon ne don hoton, wataƙila ma ba ki shiga ciki ba tukuna, kuma na yarda malamanku sun fi ni sanin ƙa'ida. Sai dai wuta ina ganinta, guba ina jin warinta, wannan abin kuwa ba shi da launi, ba shi da wari, shi ya sa ban san ta inda zan tare miki shi ba. Ki sa safar hannu, ki wanke hannu kafin ki fito, kada ko ruwa ki sha a ɗakin nan, kuma duk lokacin da aka karanta bajonki ki gaya mini lambar, ko da ba zan fahimce ta ba.

Mamanki ta ba direban motar Asabar ƙunshin gyaɗa da yaji. A ɗakin kwananki za ki ci. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare mini ke.

Mahaifinki.