Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta karatun nishaɗi a Damagaram

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da ƴan uwa mambobi.

Ga bayanin abin da muka yi tun daga buɗe makarantu a watan Oktoba har zuwa ɗaukewar damina. Lissafin kuɗi ma'aji zai karanto shi dala-dala a ranar taro, don haka ban sa shi a nan ba.

Zaman Asabar, daga La'asar zuwa kiran Magariba, ya ci gaba a tsakar gidan da Baba Alhaji ya ara mana a Zango, ƙarƙashin bishiyar bedi. Mun ɗaga shi a watan azumi, mun kuma ɗaga shi lokacin da manyan yara suka duƙufa kan jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Allah ya saka wa Baba da alheri, shi da iyalinsa da suka jure hayaniyarmu, suka kuma riƙa cika mana randa a garin da kowa ya san abin da jarkar ruwa take ci a watan Afrilu.

Makonnin farko ba su yi armashi ba, kuma laifin namu ne mu ƴan kwamiti. Mun zaɓo littattafan da muke ganin ya kamata yaro ya karanta, sai zaman ya koma lakwal ta biyu. Ana karatu ana hamma, wasu na leƙen ƙwallon da ake bugawa a bayan katanga. Ana haka Mushe, tsohon malaminmu da ya yi ritaya, ya zo da kwali ɗaure a bayan kabu-kabu, cike da tsofaffin labaran bincike na Faransanci da ya tara tun yana koyarwa a Yamai, wato irin labaran da ake yin sata ko wata ɓarna sannan mai bincike ya bi sawu har ya gano mai laifi. Ya zo kuma da sharaɗi ɗaya. Za a karanta har a zo babin ƙarshe, sai a rufe littafin. Kowa ya tafi gida ya kwana da abin a ransa, Asabar mai zuwa ya faɗi wanda yake zargi, ya kawo hujja daga cikin littafin, da lambar shafi.

Wannan sharaɗin shi ya riƙe mana shekarar. Ranar da muka fara gwada shi, wani yaro ya miƙe ya ce ai mai gadi ne, domin fuskarsa ma ta marasa gaskiya ce. Mushe ya ce masa: "Ɗana, a wane shafi ka ga fuskar tasa?" Aka kwashe da dariya. Sai wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a zamanmu ba ta ɗaga hannu daga ƙarshen tabarma. Ta ce: "Mushe, matar gidan ta ce tun safe ba ta fita ba, amma can baya an ce takalmanta a jiƙe suke." Ta buɗe kayenta, wato littafin rubutunta, ga shi ta rubuta shafukan biyu. Ba ta canka daidai ba, matar wani laifin daban take ɓoyewa, amma tun daga ranar yara suka fara zuwa da kaye da biro ba wanda ya ce su kawo.

Tun da wasu mambobi sun tambayi asalin wannan irin adabi, ga shi a taƙaice yadda Mushe ya yi wa manyan yara bayani. Akasari ana danganta farkonsa da Edgar Allan Poe na Amurka a 1841. Arthur Conan Doyle, wanda likita ne, ya fito da mai bincike Sherlock Holmes a 1887. Agatha Christie ta fito da nata mai binciken, Poirot, a 1920. Georges Simenon ɗan Beljiyam ya fara fitar da littattafan Maigret a 1931. Ƙananan kuwa sun fi son jerin labaran nan na Enid Blyton da ta fara a 1942, na yara huɗu da karensu. Karen ya ba mu aiki. An ɓata kusan rabin zama ana gardamar yadda za a yi mutum ya bar kare ya hau masa gado.

Ba kowa ya yi na'am ba. Wani uba ya same ni a ƙofar masallaci ya ce: "Malam Sakatare, na turo ɗana karatu, sai na ji dabarun sata kuke koya musu." Ban raina maganarsa ba, mun kai ta kwamiti, kuma daga nan muka raba littattafan: ƴan ƙasa da shekara 12 ba a ba su labarin kisa, sai na ɓatan kaya da makamantansu. Amma ra'ayina, kuma na faɗa masa, shi ne akasin abin da yake tsoro muke gani. Dukanmu mun san abin da kan biyo baya idan aka yi ihun "ɓarawo!" a tsakiyar Kasuwar Dole, duka ya riga tambaya. Yaron da ya saba jin cewa wanda kowa ya nuna da yatsa a babin farko sau da yawa ba shi ba ne, zai yi wuya ya zama na farkon ɗaukar dutse. Uban bai ce ya yarda ba, amma bai janye ɗansa ba.

A lokacin hunturu mun kai manyan yara yawo cikin Birni, muka tsaya a ƙofar fadar Sarki, wani dattijo ya ba su labarin kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da zuwan sojojin Faransa da yaƙin Tirmini a 1899. Ban shirya wa tambayoyin da suka biyo baya ba. Wa ya gani da idonsa? Wa ya rubuta, kuma wa ya aike shi? Me ya sa abin da ke takardun Nasara bai zo daidai da na bakin kakanni ba? Wannan ya ja mu ga karanta Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, tunda ayarin sojan Faransa da ya auka wa Lugu, garin Sarauniyar, shi ne ya ƙaraso nan.

Abin da na fi so mambobi su tsaya a kansa shi ne gasar rubutu da muka yi lokacin babban hutu. Ba ta cikin tsarin shekara. Wani yaro ne ya yi ƙorafin cewa duk masu binciken nan a cikin hazo da dusar ƙanƙara suke yawo, ba wanda ya taɓa shan shayi a fada, wato majalisar samari. Muka ce to, ku rubuta naku, da Hausa, kuma kada labari ya fita daga Damagaram. Wanda ya zo na ɗaya labarin ragon layya ne da ya ɓace a Birni ana jibi Sallah. Zargi ya faɗa kan ɗan ga-ruwa, don shi ke shiga kowane gida. Mai binciken yarinya ce ƴar tallar ƙosai, wadda ba wanda ke sassauta murya in tana kusa. Ita ta kama maƙwabcin da ya rantse cewa a daren yana ɗakinsa yana kallon ƙwallo a talabijin har aka tashi, alhali a daren an ɗauke wutar unguwar tun Isha'i, ita kanta da fitilar salula ta ƙirga cinikinta. Da aka karanta wurin a zaman Asabar sai da matan gidan Baba suka leƙo jin shewa.

Gasar ta kuma tona mana asiri. Yaran da ke Hausa tun safe har dare, da aka ce su rubuta ta, sai ga "ch" a wurin "sh", ga "ou" a wurin "u", ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kuwa babu labarinta. Wani ya rubuta "kofa" da "kasa" shafi bayan shafi. Abin da ciwo, ganin cewa a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, kuma kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka zartar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mun ware rabin awa a kowane zama muna karatu da ƙarfi daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kuma an fara ganin bambanci. Ƴan mata da suka saba karanta littattafan Kano a waya sun fi kowa sauri, wannan kuma ya kamata masu kushe waɗancan littattafan su ji shi.

Sauran karatun nishaɗi ya tafi yadda aka saba: tatsuniya da kacici-kacici ga ƙanana, littattafan zane masu hotuna ga masu fama da Faransanci.

Inda muka gaza ma ba kaɗan ba ne. Reshen da muka yi alkawarin buɗewa a Mirya bai samu ba, kuɗin mota ya gagara. Ruwan Agusta ya yoyo ta rufin ɗakin ajiya ya jiƙa akwati guda, gara ta ƙarasa abin da ya rage. Littafi ɗaya ma shafukansa na ƙarshe kaɗai ta cinye, har yau yara ba su san wa ya saci sarƙar ba. Ƴan mata da suka haura shekara 14 sun ragu sosai daga tsakiyar shekara, saboda aikin gida, da ɗiban ruwa, da iyayen da ba sa son Magariba ta yi musu a waje. Hajiya mataimakiyar shugaba ta yarda ta buɗe musu zaman Lahadi da hantsi a gidanta, kwamiti na neman amincewarku.

Sannan maganar aro. Na duba rajista sau biyu kafin in rubuta wannan: yara suna maido da littafi, manya ne ba sa maidowa. Ban ambaci suna ba a bana.

Shekara mai zuwa kwamiti na ba da shawarar a jingine maganar Mirya, a zuba abin da ke asusu wajen buga labaran gasar a ƙaramin littafi, ko da na hoton takarda ne, kowane yaro ya samu nasa. Muna neman wanda zai ara mana kwamfuta mai haruffa masu ƙugiya, da mutum biyu da za su duba rubutu. Muna kuma neman akwatin ƙarfe mai murfi.

Wa'adin ma'aji da na sakatare ya cika, za a yi zaɓe a taron. Duk mai littafin ƙungiya a gidansa ya taho da shi. Za a ajiye kwali a zaure, ba mai tsayawa a kansa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya